Daga Mai Ba da Bayani zuwa Mai Bincike: Darasi daga Jami'o'in Ƙasar Maori

A shekarar 1820 wasu sarakuna biyu na al'ummar Maori, Hongi Hika da Waikato, suka sauka Ingila tare da wani ɗan mishan mai suna Thomas Kendall. Aka kai su Kambirij, suka zauna da Farfesa Samuel Lee, suna faɗa masa kalmomin harshensu, shi kuwa yana rubutawa yana tsarawa. A cikin shekarar aka buga littafin nahawu da jerin kalmomi wanda ya aza harsashin rubutun Maori. Har gobe da sunan Kendall da Lee ake kiran littafin.

Ɗalibin Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba. Dorugu, yaron da aka haifa a ƙasar Damagaram kusa da Kance, aka kama shi bawa, daga baya ya sami ƴanci ya bi Heinrich Barth har Timbuktu, ya isa Ingila a 1855. Can ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa. Hausar Dorugu ta shiga nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885. Schön bai ɓoye sunan yaron ba, amma shi ya yi tambaya, shi ya yi sharhi, shi kuma aka ba lambar yabo. Kusan ƙarni guda bayan haka, ƙamusun da ya fito a 1949 yana ɗauke da suna biyu, R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a 1962, sunan Abraham kaɗai ya rage.

Ba a kawo waɗannan misalai don a rage wa littattafan daraja ba. Duk mai nazarin Hausa yana buɗe su har yau, kuma yana ƙaruwa. An kawo su ne don a ga wani rabon aiki da kimiyyar harshe ta tashi da shi: mai harshe ya kawo ɗanyen kaya, baƙo ya sarrafa. Wannan rabo ne ake so a warware idan ana maganar ba ƴan asalin ƙasa murya a koyarwa da binciken jami'a. Wuraren da aka gwada warware shi da gaske ba su da yawa, kuma ƙasar Niyu Zilan, wadda Maori ke kira Aotearoa, tana cikin waɗanda suka fi nisa a hanya.

Yadda harshe ya kusa barin gida

A ranar 6 ga Fabrairu 1840 aka fara sa hannu a yarjejeniyar Waitangi tsakanin masarautar Ingila da sarakunan Maori. An rubuta ta da harshe biyu, kuma rubuce-rubucen ba su faɗi abu ɗaya ba. Na Ingilishi ya ce sarakunan sun miƙa cikakken ikon ƙasa. Na Maori, wanda shi akasarinsu suka sa wa hannu, ya yi amfani da kalmar kāwanatanga, wadda aka ƙera daga kāwana, wato gwamna, sa'an nan ya tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakkiyar sarauta a kan ƙasarsu da garuruwansu da dukan taonga nasu, wato abubuwansu masu daraja. Duk wanda ke ganin darasin fassara wasa ne, ya dubi yadda kalmomi uku suka riƙe siyasar ƙasa guda fiye da shekara 180.

Dokar makarantun ƴan ƙasa ta 1867 ta sa Ingilishi ya zama harshen koyarwa. Tsofaffi da yawa sun ba da shaida daga baya cewa an buge su a makaranta don sun yi magana da harshen iyayensu. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa suka kwarara birane neman aiki, suka zauna cikin unguwannin Turawa, suka reni ƴaƴansu da Ingilishi. Binciken da Richard Benton ya jagoranta a shekarun 1970 ya nuna cewa masu jin harshen sosai sun ragu zuwa kusan 70,000, ƙasa da kashi 20 cikin 100 na Maori, kuma mafi yawansu tsofaffi ne.

Jami'a kuwa tana ina duk wannan lokaci? Apirana Ngata, wanda shi ne ɗan Maori na farko da ya kammala digiri a ƙasar, ya nemi a sa harshen cikin darussan digiri tun shekarun 1920. Hujjar da aka tare shi da ita ita ce harshen ba shi da adabin da za a karanta. Tarin waƙoƙin gargajiya da ya haɗa da sharhinsu, Ngā Mōteatea, yana cikin amsar da ya bayar. Duk da haka sai a 1951 aka fara koyar da harshen a Jami'ar Oklan, a hannun Bruce Biggs, kuma a ƙarƙashin sashen nazarin ɗan Adam. Wurin da aka ajiye shi ya isa bayani: abin dubawa ne, kamar sassaƙa da kwale-kwale. Harshen da za a yi tunani da shi kuwa Ingilishi ne.

Da masu abu suka karɓi abinsu

Sauyin ya taso ne daga wajen katangar jami'a. A watan Satumba 1972 ƙungiyoyin matasa da ɗalibai suka kai wa majalisar dokoki takardar koke mai ɗauke da sa hannu fiye da 30,000, suna neman a koyar da harshen a makarantu. A 1975 ƙabilu uku, Ngāti Raukawa da Te Āti Awa da Ngāti Toa Rangatira, suka duba kansu suka ga babu ɗan ƙasa da shekara 30 a cikinsu da ke iya hira da harshen. Suka tsara shiri na shekara 25, bisa jagorancin Whatarangi Winiata, wanda ya haifi Te Wānanga o Raukawa a garin Otaki a 1981: makarantar gaba da sakandare wadda ƙabilu suka kafa da kansu, ba tare da jiran izini ko kuɗin gwamnati ba. A 1982 aka buɗe kōhanga reo ta farko, ma'anarta sheƙar harshe, inda kakanni ke renon jikoki da Maori zalla. Da yaran suka isa shiga firamare, aka buɗe musu makarantar Maori ta farko a 1985. A 1986 kotun sauraron koke-koken Waitangi ta amince cewa harshe ma taonga ne da yarjejeniyar ta yi alkawarin karewa, kuma a 1987 doka ta mai da shi harshen hukuma. Gyaran dokar ilimi na 1990 ya sa wānanga cikin jerin manyan makarantun da ƙasa ta sani. Uku ne a yau.

Abin da ya fi jan hankali a tsarin Raukawa shi ne, kowane fanni ɗalibi ya zo karantawa, dole ya haɗa da harshen da kuma nazarin ƙabilarsa da zuriyarsa. Sai ya koma gida ya zauna da dattawan gidansu, ya tattara tarihin dandalinsu, ya rubuta. A nan dattijon ƙauye malami ne mai iya cewa ɗalibi ya yi kuskure, kuma a saurare shi.

Cikin wannan yanayi ne aka gina abin da ake kira kaupapa Māori, wato bincike bisa tafarkin Maori. Graham Hingangaroa Smith ya shimfiɗa ginshiƙansa a kundin digirinsa na uku a 1997, sa'an nan Linda Tuhiwai Smith ta fitar da littafinta Decolonizing Methodologies a 1999, wanda ake iya fassara sunansa da raba hanyoyin bincike da mulkin mallaka. Tambayoyin da wannan tafarki ke ɗora wa mai bincike masu sauƙin faɗa ne, masu wuyar amsawa: wa ya zaɓi matsalar da ake bincike a kanta, amfanin wa za ta yi, wa zai riƙe sakamakon, da wane harshe za a mayar wa mutanen da abin da aka gano. Mai bincike yakan gabatar da kansa ido da ido, ya faɗi asalinsa, ya ci abincin mutane, ya kuma dawo bayan an gama. Ga Bahaushe wannan ladabin shiga gari ne kawai. Sabon abu a ciki shi ne an rubuta shi cikin ƙa'idojin jami'a, har ana iya mayar da aikin ɗalibi baya idan ya tsallake shi.

Abin da kimiyyar harshe ta samu

Mai shakka zai ce duk wannan siyasa ce da kyautatawa, bai ƙara wa ilimi kome ba. Nahawun Maori kansa yana da amsa. Harshen yana da hanya biyu ta nuna mallaka, ɗaya da wasalin a, ɗaya da o. Ana cewa tāku tamaiti, ɗana, amma tōku matua, mahaifina. Abinci yana ɗaukar a, ruwan sha yana ɗaukar o. Gida da tufafi da kwale-kwale da gaɓoɓin jiki duk o suke ɗauka. Wanda ya zo da rabon nan na littattafan Turai, mallakar da ke rabuwa da mai ita da wadda ba ta rabuwa, zai yi ta karo da kalmomin da suka ƙi shiga layi. Bayanin da ya fi tafiya shi ne wanda ya dubi dangantaka: abin da mutum ke da iko a kansa ko yake ɗawainiya da shi, da kuma abin da ke sama da shi, ko yake ba shi mafaka, ko yake ɗauke da shi. Ba a gane wannan sai an san yadda masu harshen suka jera duniyarsu.

Ƙamus ma haka. He Pātaka Kupu, wanda hukumar harshen Maori ta fitar a 2008, Maori ne zalla daga kalma har ma'ana, kuma an danganta kowace kalma da ɗaya daga cikin atua, magabatan da al'adarsu ta raba wa sassan halitta, kamar mai teku da mai daji. Ƙamus mai harshe biyu ba zai taɓa kawo wannan tsari ba, domin shi aikinsa nemo wa kalma abokiyarta a Ingilishi. Wajen ƙirƙirar sababbin kalmomi kuma sun fi son tono daga cikin gida: kwamfuta ita ce rorohiko, daga roro, ƙwaƙwalwa, da hiko, walƙiya ko lantarki.

Masanin harshe Ken Hale na Amurka ya yi wannan magana tun 1972, cewa akwai zurfin da nazarin harshe ba zai kai ba sai masu harshen sun zama masana da kansu. Bai tsaya ga faɗa ba: ɗalibansa Paul Platero, ɗan Nabaho, da LaVerne Masayesva Jeanne, ƴar Hopi, sun sami digiri na uku a 1978 a kan harsunansu. Mai son ya gwada gaskiyar Hale da Hausa, ya ɗauki jimloli huɗu: Audu dai ya zo, Audu fa ya zo, Audu kam ya zo, Audu ma ya zo. Yaron da ke tallar goro a tashar Maraɗi ya san wadda ke ɗauke da gargaɗi da wadda ke ɗauke da kwatance da wani wanda bai zo ba. Baƙon masani yakan shekara yana tattara misalai kafin ya kusanci abin da yaron ya sani tun bai yi kaciya ba. Abin da yaron ya rasa shi ne horon da zai mai da saninsa bayani.

Sai kuma maganar wa ke riƙe da muryoyin da aka naɗa. A 2018 Te Hiku Media, wata kafar watsa labarai ta ƙabilun arewacin ƙasar, ta shirya gasa ta tara fiye da sa'o'i 300 na karatun Maori a cikin kwana 10, ta gina na'urar da ke mai da magana rubutu. Ta ƙi sayar da muryoyin ga kamfanonin waje, ta tsara lasisin kanta bisa kaitiakitanga, wato riƙon amana: ana iya amfani da su ne kawai ta hanyar da za ta amfani masu harshen. A zamanin da injuna ke koyon harsuna daga duk abin da suka tsinta a intanet, wannan tambaya ta iso ƙofar kowane sashen harsuna.

Inda tafiyar ke ɗingishi

Kada a ɗauka an gama. Wani nazari da Tara McAllister da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna cewa Maori kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na malaman jami'o'in ƙasar, alhali sun kai kusan kashi 17 na al'umma. Waɗannan ƴan kaɗan su ake kira ga kowane kwamiti da kowane bikin tarbar baƙi, su fassara, su yi addu'a, su sa albarka, sa'an nan a auna su da yawan maƙalun da suka buga kamar kowa. Jami'a tana iya sa wa gine-ginenta sunayen Maori ba tare da ta matsa ko taki ɗaya daga kujerar yanke shawara ba.

Akwai kuma gardama ta ilimi wadda bai kamata a share ta ba. A watan Yuli 2021 farfesoshi bakwai na Jami'ar Oklan suka buga wasiƙa a mujallar Listener suna adawa da shirin daidaita mātauranga Māori, ilimin Maori, da kimiyya a manhajar sakandare. Aka yi musu ca, dubban malamai da masu bincike suka sa hannu a takardar martani. An zafafa a ɓangarorin biyu, amma tambayar da ke ƙasa ta cancanci amsa cikin natsuwa: shin abin da ɗan gida ya faɗa ya wuce gwaji? A kimiyyar harshe amsar a fili take. Bahaushe da yawa zai rantse cewa Hausa daga Larabci ta fito, don yana jin littafi da alƙalami da lokaci a bakinsa kullum. Kwatanta sautuka da kalmomin asali, irin aikin da Paul Newman da Roxana Ma suka buga a 1966, ya nuna ƴan'uwanta na kusa su ne harsunan Cadi, irin su Bole da Angas, kalmomin Larabcin kuwa aro ne. Kunnen ɗan gida hujja ce mai ƙarfi a kan abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa; a kan tarihin harshe kuwa, shi ma sai ya kawo dalili.

Abin da ya shafi Nijar, da abin da bai shafe ta ba

Aron darasi yana son hattara. Maori tsiraru ne a ƙasarsu, baƙi suka rinjaye su da yawa, harshensu ya kusa mutuwa. Hausa tana da masu magana miliyoyi barkatai, kullum ƙaruwa take. Nijar ba ta kuma fara daga sifiri ba. Abdou Moumouni ya yi jayayya don koyarwa da harsunan gida a littafinsa L'éducation en Afrique tun 1964. Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen ajami da na Larabci waɗanda ke ajiye a IRSH. An kafa cibiyar da ta zama CELHTO a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Duk da haka rabon aikin nan na zamanin Dorugu bai gushe ba, ya dai sauya kama. Ɗalibi yakan je ƙauyen kakarsa ya naɗo hira da Hausa, ya dawo ya yi sharhinta da Faransanci, ya kare kundinsa da Faransanci, kakar kuwa ta bayyana a shafin ƙarshe da haruffa biyu da shekarunta. Ba rashin kalmomi ya jawo haka ba. Hausa tana da aikatau da bayanau da wakilin suna da gaɓa da karin sauti, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karɓar kundaye da Hausa, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, mai bayyana Hausa da Hausa, ya fito tun 2006. Sai dai aro daga kudu ma yana da nasa tarko. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, don haka ɗan Tawa ko ɗan Tibiri mai cewa shina zuwa, ko hwari, ko gidanai, yakan koyi ɗaukar bakinsa a matsayin kuskuren da za a gyara, alhali shi ne abin nazarin da ya fi kowa iko da shi. Cikakken bayanin Adaranci da aka fi ambata har yau shi ne na Bernard Caron, na 1991.

Akwai wani gefe da ya fi wannan nauyi, kuma ba a cika son taɓa shi ba. A gaban Faransanci, Bahaushe ɗan gida ne. A gaban Tasawak ta Ingal, ko Buduma ta tafkin Cadi, ko Gurmanci, shi ne mai babban harshe, shi ne baƙon da ya zo da na'urar naɗar magana. Lokacin da Barth ya shiga Agadas a 1850 ya tarar ana magana da Emgedesi, wani harshe na dangin Songai, ya rubuta kalmominsa. Yau babu mai jin sa, kuma Hausa ce ke kan titunan birnin. Faransanci bai ci wannan harshe ba. Ƴar'uwarsa Tasawak tana nan da rai a Ingal, kuma ɗaya daga cikin bayanan farko a kanta kundi ne da Ousseina Alidou ta rubuta a Jami'ar Yamai a 1988, tana ɗaliba. Tambayoyin da Maori suka yi wa Turawa, mutanen Ingal suna da ikon yi wa ɗalibin da ya zo musu daga Maraɗi.

Mafi yawan abin da ake bukata ba ya jiran doka ko kasafin kuɗi. Mai duba kundi yana iya neman a nemi yardar mai magana da harshensa, a naɗi yardar a farkon hira, tunda sa hannu a takardar Faransanci ga wanda bai karanta ta ba yarda ce ta fatar baki. Yana iya neman a tambayi kowane mai magana ko yana son a ambaci sunansa: maroƙi ko ungozoma ko maƙeri sau da yawa so yake a san daga bakinsa aka ji, wani kuma yana da dalilin ɓoyewa. Sashe yana iya ware wurin ajiyar muryoyi, don kada hirar tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya ta ɓace ranar da wayar ɗalibi ta faɗa ruwa. Ana iya sa wa kowane kundi taƙaitawa ta shafi biyu da harshen da aka yi nazari, a kuma karanta ta a gidan rediyon garin. Kwafin hirar kuma ya koma inda aka ɗauko shi, a kan ɗan katin waya wanda kuɗinsa bai kai na motar zuwa garin ba.